Bijimin da Na Kumbura da Ƙwaya

A shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa ni sabon magidanci ne a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi, ga ƙarfi, ga son a yaba mini. Bijimin huɗa ɗaya gare ni, maƙwabcina ma ɗaya, wani dattijo abokin marigayi mahaifina da nake kira Baba. Tunda garmar shanu sai da biyu, muka haɗa su a karkiya ɗaya, yau gonarsa, gobe tawa. Damuwar kawai, nawa bai kai nasa ba. Karkiya sai ta karkace, mutanen gari su yi ta tsokanata wai na haɗa ɗan maraƙi da ubansa. Baba yakan ce in ƙara masa dusa da harawa in yi haƙuri, jiki ba ya zuwa rana ɗaya. Ni kuwa haƙurin ne ba ni da shi.

Ranar wata kasuwar Ajingi na tarar da wani mai tallar magani ya baza ƙananan ƙwayoyi farare a tabarma. Ya rantse mini cewa da su Turawa ke sa shanunsu ƙiba, in dinga daka biyu ina zubawa a ruwan kanwa. Ni da rawar kai na mai da su huɗu, ban gaya wa kowa ba. Cikin 'yan makonni bijimi ya cika, wuya ya yi kauri, masu tsokana suka koma yabo. Na ga yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana haki ko a inuwa, amma na kau da kai, don daɗin yabon ya fi mini.

Da ruwan shuka ya sauka muka fara da gonar gyaɗar Baba, shi ke riƙe da garma. Ba a yi kunya goma ba bijimina ya durƙusa, bai sake tashi ba, sai yanka shi aka yi a nan. Nama duk ruwa. A lokacin kowa na fama da tasa gonar, babu mai ba da aron bijimi. Muka koma garmar hannu, ni na iya, Baba kuwa ƙarfi ya tafi, rabin gonarsa ba a noma ba a shekarar. Daga baya da malamin dabbobi ya zo rigakafi daga Gaya na nuna masa ragowar ƙwayar a gefe. Ya ce maganin kumburin gaɓoɓi ne na mutane, ruwa yake tarawa a jiki ya cinye ƙarfi, ba ƙiba ba ce.

Abin da ke cina shi ne, Baba ya ɗauka shi ya matsa wa bijimin har ya faɗi. Ya zo har zaurena, dattijo da furfurarsa, ya roƙe ni gafara. Na ce masa babu komai, na yafe. Ni da ya kamata in durƙusa a gabansa, ni na yafe. Kullum ina cewa gobe zan faɗa masa, kunya tana hana ni, har Allah ya karɓi abinsa bayan damina biyu.

'Yan'uwa makiyaya, kada ku ba dabba abin da ba ku san shi ba don a ce kun iya kiwo, ku tambayi malamin dabbobi tukuna. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa tun mai haƙƙin yana jin ku. Ni yanzu addu'a kawai nake iya yi wa Baba, kuma har kabarinsa ya tafi yana ganin shi ne mai laifi.