Ranar da Na Shiga Kurmi da Goyo

Ko zan manta komai na zamanmu a Kuala Lumpur, ban da tafiyar nan ta daji. Tun ranar da maigidana ya dawo daga makaranta ya ce shi da abokan karatunsa sun kama ɗakuna a wani masauki cikin kurmi, gabana yake faɗuwa. 'Yata watanta bakwai, ni kuwa ko a gidanmu na unguwar Danau Kota, sauro ɗaya na gani sai na rufe tagogi.

Na ce, "Malam, mu da muka baro ƙauye, yanzu kuma har biya za mu yi mu kwana a daji?"

Ya ce, "Ke ba ki gane ba. Turawa jirgi suke hawowa saboda wannan."

Masaukin da ake ta zuzutawa bukkar katako ce a kan dirkoki, katifa duk danshi. Da safe ɗan rakiyarmu, wani ɗan ƙasar, ya raba mana dogayen safa saboda matsattsaku. Ya dubi goyona ya ce ita ba ta buƙata, tunda ba ta taka ƙasa. Na saki hijabi ya rufe ta ruf, wai ni mai dabara.

Muka yi ta kutsawa cikin jiƙaƙƙen ganye. Mazan suna can gaba suna tsara yadda za su gina irin wannan masauki in sun koma gida, baƙi su yi ta tururuwa. Duk iliminsu ba wanda ya waiwayo. Yarinya shiru, har ina murna ta yi barci.

Wata Baturiya da ke bayana ce ta taɓa ni tana nuna hijabina. Jini. Na yaye, sai ga matsattsaku biyu sun sha sun yi tim a ƙaurin yarinyar, ita kuwa tana ta tsotsar yatsa. Ashe daga ganye suka hau ta, kuma cizonsu ba zafi.

Ɗan rakiya ya ɓamɓare su yana dariya, wai ba komai. Amma jini ya ƙi tsayawa. Na tambayi inda asibiti yake, aka ce sai an hau kwalekwale. Na zauna a kan kututture na danne wurin da bakin zanina har Allah ya sa ya tsaya.

Malam ya ce, "Kin ga, kin sami labarin ba mutanen gida."

Na ce, "Ka sa shi a digirinka."

Tun ranar na san shirun goyo ba shi ne lafiya ba. Don Allah 'yar'uwa, in an ja ki yawon buɗe ido, ki riƙa yaye hijabi kina duba bayanki.