Malamar da Ke Kiran Suna Daga Bayan Aji

Kafin mai gadi ya kaɗa ƙararrawa, Malamar aji ɗaya ta riga ta buɗe tagogin ajinta, ta goge allo, ta rubuta kwanan wata a kusurwar dama. Sai ta ajiye bokitin ruwa da guntun sabulu a bakin ƙofa, ta tsaya. Duk yaron da ya zo sai ya wanke hannu, ya miƙo mata farata ta duba, ta gyara masa maɓallin da ya sa a ramin da ba nasa ba, kafin ya wuce bencinsa. Daga nan a rera waƙar baƙaƙe, a zazzage gwangwanin marafan kwalba a yi ƙidaya, a fere fensir, a raba masu faɗa a kan abin goge rubutu, a lallashi mai kukan uwa. Shekara talatin da uku ke nan tana wannan a aji guda, ba ta taɓa neman a ɗaga ta zuwa na gaba ba. Ƙarshen zangon nan za ta yi ritaya.

Duk wannan wata malamar ma za ta iya. Abin da ya bambanta ta shi ne safiyar Litinin. Sauran ranaku a gaban aji take kiran suna, kamar kowa. Ranar Litinin kuwa sai ta ɗauki rajista ta koma can baya ta jingina da bango, ta ce kowa ya kalli allo, kada wanda ya waiwayo. Sannan ta fara kiran sunaye ƙasa-ƙasa, da muryar da ba za ta tashi jariri daga barci ba. Wanda ya ji sunansa ba ya cewa na'am, hannu kawai yake ɗagawa. Shi ya sa iyaye suka laƙaba mata Malama Mai Raɗa. Hedimasta ya ɗauka dabarar kashe surutu ce, har yana yaba ta a taron malamai. Wani mai duba makarantu ya taɓa rubuta cewa muryarta ta yi rauni, ta riƙa ɗagawa. Ta karanta, ta ce to, Litinin ta zagayo ta ci gaba da raɗarta.

Kafintan da ke layin bayan makarantar bai san da wannan ba, bai kuma damu ya sani ba. Mutum ne mai gaskiya, mai hannu mai kyau, sai dai zuciyarsa a kusa take. Abin da ya dame shi Auta ce, 'yarsa mai shekara shida. In kana gabanta tana kallon bakinka, yarinya ce mai ladabi. Ka kira ta daga ɗaki ko daga bayanta, sai ka ce da bango kake magana. Shi dai ya yanke hukunci tuntuni: kunnen ƙashi ne da ita, tana zaɓar wanda za ta amsa wa. In uwarta ta ce a bi ta a hankali, sai ya ce, “Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni sana'ata ce, ba sai an koya mini ba.”

Sau biyu Malama tana aiko masa da 'yar takarda cewa tana son ganinsa. Ya danne su a ƙarƙashin gwangwanin ƙusa, yana cewa ya san ƙara ce, kuma ba wani laifin Auta da za a faɗa masa wanda bai sani ba.

Ranar wata Lahadi yana bakin shago ya hango Auta ta nufi titi, ga mai babur ya taho yana danna oda. Ya ƙwala mata kira sau huɗu, ko waiwaye ba ta yi ba. Da ƙyar mai babur ya ci burki, tayarsa na shafar siket ɗinta. Ranar ta sha duka, kuma ranar ya rantse an gama makaranta. Yarinyar da ba ta jin maganar ubanta, me za ta ji a wurin malama? Ta zauna gida a gaban idon uwarta. Uwar ta yi kuka, ta haɗa shi da Allah, ya ce ya gama magana.

Da safe, Litinin ke nan, ya riƙo hannun Auta don ya karɓo littattafanta, ya kuma faɗa wa Malama ta soke sunanta.

Malama ta saurare shi, ta ɗan karkata kai yadda ta saba, har ya kai aya. Sannan ta ce, “Baban Auta, na ji. 'Yarka ce, ba zan hana ka ba. Amma ba na soke suna sai na kira shi. Shigo ka zauna a baya, in an gama rajista ka tafi da ita.”

Ba yadda ya iya. Ya naɗe a kan bencin 'yan shekara shida, gwiwoyinsa na neman taɓa haɓarsa, yara na satar kallonsa suna ƙunshe dariya. Bencin ma shi ya ƙera shi, da ya san wata rana zai zauna a kai da ya ƙara masa tsawo. Auta ta wuce layi na uku ta zauna.

Malama ta jingina da bango kusa da shi, ta buɗe rajista. Ajin ya yi tsit. Ta kira suna na farko, hannu ya tashi. Na biyu, hannu ya tashi. Haka har ta zo kan Auta. Ta kira, shiru. Ta taka gaba taku biyu ta sake kira, shiru. Yarinyar na zaune ta miƙe wuya tana kallon allo, ta ɗora hannuwa a kan tebur, ta fi kowa nutsuwa.

Kafinta ya zabura zai miƙe. “Kin gani ko? Abin da nake faɗa ke nan!”

“Zauna,” in ji Malama. “Kai ka kira ta daga nan. Kada ka yi tsawa. Da muryar da kake yi wa mahaifiyarta magana.”

Ya kira. Auta ba ta motsa ba. Ya ƙara murya. Yaran da ke layin gaba, waɗanda suka fi ta nisa, duk kafaɗunsu suka motsa, ita ko gezau. A karo na uku yarinyar da ke gefenta ta kasa daurewa ta waiwayo. Auta ta ga ta waiwaya, ita ma ta bi ta da kallo. Idonta na sauka a kan ubanta, ta ga bakinsa a buɗe, sai ta yi maza ta ɗaga hannu biyu ta kāre kanta.

Nan kafinta ya gane. Ba ta ji shi ba, ko kaɗan ba ta ji shi ba. Duk abin da ta sani shi ne in ta juyo ta ga bakin Baba a buɗe, duka ne ke tafe. Ya tuna kiran da ya yi mata jiya a bakin titi, ya tuna sau nawa ya murɗe kunnen nan da hannunsa yana cewa, “Wannan na ado ne?”

“Innalillahi,” ya ce da ƙyar. “Malama, tun yaushe?”

“Ni Litinin huɗu ke nan da sani. Kai za ka faɗa mini ko ta taɓa yin ciwon kunne.”

Ta taɓa yi, tana shekara uku, bayan wani zazzaɓi. Kunnen ya yi ruwa, aka ɗiga magani, ya daina, aka manta.

Malama ta yage takarda ta rubuta masa sashen da zai nema a asibiti. Ta ce, “Ba taurin kai ne da ita ba. Yarinyar da ta koyi karanta bakin mutane ita kaɗai, ba wanda ya koya mata, ai kaifin basira ne da ita. Yanzu in soke sunan?”

Kafinta ya tashi ya zagaya gaban Auta, ya tsuguna har idonsu ya haɗu, ya sauke mata hannuwan nan biyu daga kanta. Yara sittin suna kallo ƙaton mutum yana share hawaye da hularsa.

Likita ya ce da sauran gyara. Kunne ɗaya ya buɗe bayan magani, ɗayan aka sa masa na'urar ji. Ranar da suka dawo gida, Auta ta tsaya a tsakar gida tana tambayar uwarta mene ne ke ƙara haka. Ɗigar famfo ce.

Kafinta ba mai ɓoye abu ba ne, duk wanda ya zo shagonsa sai ya ba shi labari. Abin mamaki, sai labarin ya fara dawo masa daga wasu bakuna. Direban bas ɗin layin ya ce shi ma a bayan ajin nan aka gano shi, shekara ashirin da suka wuce, lokacin ana ce masa dolo. Ma'aikaciyar jinyar da ta auna Auta ta ce ƙanenta ma takardar Malama ce ta kawo shi. Da maganar ta kai ga Hedimasta, ya je ya buɗe kabad ɗin tsofaffin rajistoci. Ya tarar da ɗan ɗigo na jan biro a gefen wasu sunaye, shekara bayan shekara. Ya ƙirga, arba'in da ɗaya. Ya zauna riƙe da baki, yana cewa shekara goma sha ɗaya yana wucewa ta tagar nan duk Litinin yana zaton horon shiru ake yi. Da ya tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba, sai ta ce, “Ranka ya daɗe, ba a taɓa tambayata ba. Kuma sirrin yara ne, na iyayensu ne.”

Ke ce wannan, Malama. Ba likita ba ce ke, ba ki da na'ura, sai rajista da bango da haƙuri. Ke ce kika tsaya a inda ba mai ganinki, kina neman yaron da kowa ya gama yanke wa hukunci. Uwar sittin, wadda ba ta barin ɗaya a baya.

Amma kafinta bai gama shan mamaki ba. Bayan makonni ya zo godiya, an tashi daga makaranta, Auta na riƙe da ɗan yatsansa. Suka tarar Malama na goge allo, ta juya wa ƙofa baya. Ya tsaya ta hagunta ya yi sallama. Ba ta juyo ba. Ya sake, ta ci gaba da gugarta. Har ya fara tunanin ko fushi take da shi, kuma in fushin ne ya san ya cancanta. Sai Auta ta ja rigarsa.

“Baba, zagaya ta can gefen. Malama irina ce.”

Ya zagaya kamar wanda ƙwai ya fashe wa a ciki. Malama ta gan shi ta yi murmushi, ta kuma gane abin da ya faru. Ta ajiye tsumman gugar allon ta ce, “Wannan kunnen tun ina shekara bakwai ya tafi. Dā ma ba ya ji sosai, sai wani malami ya kira sunana ban amsa ba, ya ƙarasa shi da mari. Aka ce ba na ganewa, aka zaunar da ni a gida shekara biyu, sai da yayata ta dage aka mayar da ni. Kana zaton don me nake sa su ɗaga hannu? In suka ce na'am daga can, ba duka zan ji ba.”

Shekara talatin da uku, kuma ba wanda ya lura. Karkata kan da take yi in ana mata magana, wasu har yanga suka ɗauke shi. Sai yarinya 'yar shekara shida ce ta gano.

To, Malama, mun gode. Direban bas ya gode, mutum arba'in da ɗaya da iyayensu sun gode, da mu da muka ji labari daga baya muka sunkuyar da kai. Abin da aka yi miki ba ki rama a kan kowa ba, sai kika tsaya duk Litinin kina tare wa 'ya'yan wasu. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki.

Ku malamai, bayan aji ba nisa, taku goma ne. Budurwar malamar da za ta gaji ajin ta riga ta fara jingina da bangon nan, ku ma ku gwada. Ku iyaye kuma, kafin hannu ya tashi a kan yaron da bai amsa kira ba, a tambaya tukuna ko kiran ya isa gare shi.

Sunan Auta na nan a rajista, da ɗigon jan biro a gefensa. Kafinta ya ƙera mata benci a layin gaba, ya ƙara masa faɗi don ya ɗauki duk wani mai ɗigo da zai zo bayanta. Har yau kuma ba ya kiran yaro daga baya, nasa ko na wani. Komai yawan aikin da ke gabansa, sai ya ajiye guduma, ya zagaya, ya tsuguna, sannan ya kira sunan.