Inna Gaji da Magen Gindin Rumbu

A unguwar da ke bayan kasuwar Miga, idan mage ta dami wani gida da kuka, Inna Gaji ake aika wa. Haifaffiyar Ringim ce, aure ya kawo ta nan tun tana da ƙuruciya, kuma har yau sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Gidan da ake ajiye gyaɗa ba ya rabuwa da ɓera, shi ya sa ba ta taɓa zama babu mage ba.

Da farko ba ta ɗauke su a bakin komai ba. Sai a shekarar da 'yarta Marwa ta rasu da ƙyanda. Masu ta'aziyya suka watse, mijinta Malam Yahuza ya koma gona, ita kuwa ta zauna gaban kasko, babu mai motsi a tsakar gida sai mage. A nan ta fara saurare. Ta gane gajeren kukan da mage ke yi in ta shigo, wanda gaisuwa ce kawai. Ta gane dogon na yunwa, da gurnanin maƙogwaro in an shafa ta, wanda takan ce jan carbi ne. Akwai kuma mai kama da kukan jariri, wanda ke sa matan unguwa a'uziyya. Gaji takan ce musu, "Ba aljani ba ne, miji take nema. Ku da kuka samu naku, ku ƙyale ta."

Wata kaka, da aka gama kwaso gero daga gona, Malam Yahuza ya cika rumbunsa na ƙasa da dammuna, ya liƙe bakinsa da laka, ya ɗora jinka. A gidansu ba a taɓa wannan rumbun sai damina ta faɗi, lokacin da hatsi ke wuya. Wanda ya fasa nasa tun kaka, kowa zai ce abinci ya ƙare masa.

Washegari da hantsi magen gidan, wata ja mai farin ƙirji, ta zauna a gindin rumbun tana wani kira ƙasa-ƙasa mai karkarwa. Takan yi, ta dakata ta miƙe kunne, ta sake. Gaji ta ajiye ludayi ta dube ta. Cikin da magen take ɗauke da shi ya sauka, nononta kuma ya cika ya yi tsami.

Ta sami Malam Yahuza yana ba awaki harawa. "Malam, magen nan ta haihu a cikin rumbu. Ka rufe da 'ya'yanta."

"Ɓera ta jiyo."

"In ɓera take so, shiru take yi ta laɓe. Wannan kiran 'ya'ya ne."

"To yanzu in fasa rumbu tun laka ba ta bushe ba? Gobe a majalisa a ce Yahuza ya fara cin na damina?"

"Su ce. Ka turo min su in cika musu baki da ƙuli."

Ya yi tsaki, amma ya je ya kanga kunne a jikin rumbun. Ya daɗe a haka, sannan ya ɗago. "Ni ban ji komai ba, Gaji."

"Ni ma ban ji ba. Ita ce take jin su. In ta daina kira, babu sauran amfanin buɗewa."

Ya tsaya yana kallon magen, ita kuma Gaji ta wuce ta jawo tsani.

"Ke, da wannan gwiwar taki? Kawo nan."

Ya hau, ya ture jinkar, ya sa fartanya ya ɓare lakar. Bai gama ba magen ta bi tsanin, ta ratsa ta tsakanin hannuwansa ta faɗa ciki. Ta fito da ɗa guda a baki, ta kai shi bayan murhu, ta koma ta ɗauko wani. Na ukun Malam ne ya zura hannu cikin dammuna ya lalubo shi, jikin ɗan magen ya yi sanyi, ba ya ko motsi. Ya miƙo wa Gaji shi.

Gaji ta naɗe shi a gefen zaninta, ta zauna kusa da wuta tana murza bayansa da ɗan yatsa. Ƙulin da ke kasko ya ƙone, ba ta tashi ba.

Malam Yahuza yana kwaɓa sabuwar laka sai maƙwabcinsa Misbahu ya leƙo ta kan katanga. "A'a, Malam, lafiya? Tun yanzu?"

"Baƙi na kulle a ciki ban sani ba."

Wajen azahar abin da ke cikin zanin ya motsa, ya buɗe baki ya yi wani siririn kuka. Uwar ta taso daga bayan murhu ta amsa masa. Gaji ta kwance zanin, ta ajiye shi a ƙasa, ta bar ta ta ɗauki abinta.