Autanmu da Aka Binne a Bakin Teku

A ƙauyenmu, can wajen Zakirai, mutum ba ya tafiya haka kawai. Ko aikin hajji, ko fatauci, ko neman ilimi, ko asibiti, ko gaisuwar mutuwa. Shi ya sa ranar da autanmu ya zo ya ce zai ɗauki matarsa su je wata ƙasa su huta a bakin teku, Inna ta ajiye maburgi ta dube shi sama da ƙasa.

"Ku huta? Aikin me kuka yi?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna, yawon buɗe ido ake cewa. Za mu ga ruwa, mu sha iska, mu dawo."

"Ruwa za ku je kallo? Ga kududdufin bayan gari can ya cika har ya tumbatsa, ku je ku kalla kyauta."

Ni ce babbar yayarsa, kuma ni na fi kowa faɗa. Shekarun nan ne da buhun taki ya gagari manomi, gidaje da yawa suka koma kwaɗon rama da tafasa, tukunya sau ɗaya a wuni. Na ce masa, "Kai dai ba ka da ta ido. Mutane na neman na tuwo, kai kana neman na kallon ruwa." Bai ji haushi ba. Ya nuna mini buhunan masara da takin da ya sauke a zaure, ya ce ya fita haƙƙin gida tukuna. Malami ne a jami'a, yana zaune a Rijiyar Zaki, matarsa kuma malamar asibiti ce, 'yar mutanen Shanono. Ya ce tun da ya aure ta ba ta taɓa zuwa ko'ina ba, daga gida sai wajen aiki, kuma ya daɗe da yi mata wannan alkawari. Suka bar 'ya'yansu biyu a wurin Inna suka tafi.

Bayan 'yan kwanaki, ina makarantar firamaren da nake koyarwa, da hantsi, wayata ta yi ƙara. Lambar ba ta ƙasar nan ba ce. Na fita gindin darbejiya inda ake samun sabis, ina shirin tsokanarsa in ce ko ruwan ya ishe shi. Sai na ji muryar matarsa, a dishe.

"Yaya, bai tashi ba."

Na ce, "Wa?"

"Abban yara. Na tashe shi, na tashe shi, bai tashi ba."

Wallahi ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ina ta maimaita innalillahi, bakina na faɗa amma kaina bai yarda ba. Mutumin da jiya-jiya ya turo mana hotonsa, ya naɗe ƙafar wando yana tsaye cikin ruwa yana washe baki! Ko zazzaɓi bai cika yi ba. In ya zo gida shi ke karɓe fartanya daga hannun Baba. Ta ce ita ma daga gadon asibiti take magana. Ta farka da asuba kanta kamar zai tsage, tana amai, da rarrafe ta kai ƙofa ta buɗe ta kira mutane. Shi kuwa yana kwance yadda ya kwanta, babu rauni, babu jini, har ya yi sanyi.

Likitan can ya ce zuciyarsa ce ta tsaya. Amma ya ce in iyalinsa na so, za a buɗe gawar a bincika a gano abin da ya tsayar da ita, sai dai zai ɗauki lokaci, kuma sai an ajiye shi a ɗakin sanyi. A dokarsu matar mamaci ce ke da ta cewa. Da ta ce musu e, da shi ke nan. Amma ita 'yar gidan mutunci ce. Ta ce musu mahaifinsa na da rai, ba za ta yanke hukunci a kan gawar ɗan wani ba.

Haka na shigo gida da waya a hannu. Kafin azahar zaure ya cika. Baba na zaune a kan buzunsa inda yake ba da karatu, ga kawunmu ƙanen Inna, ga liman. Na durƙusa a bakin ƙofa ta ciki, na ƙara muryar wayar na miƙa. Matarsa ta yi bayani cikin ladabi, tana yi numfashinta na sarƙewa.

Baba ya saurara har ta gama. Ya ce, "A buɗe shi? Wato a farke shi kamar rago?"

"Baba, don a san abin da ya faru ne. Ni aikina ne, na san mutum mai lafiya ba ya..."

"In an sani zai dawo?"

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

"'Yata, wanda ya ba ni shi ne ya karɓi abinsa. Kwana ya ƙare. Ba za a ajiye mini ɗa a cikin ƙanƙara kamar kifi ba, ba kuma za a sa masa wuƙa ba. Akwai Musulmi a garin?"

Ta ce akwai.

"To a yi masa sutura yau. Ƙasa duk ta Allah ce."

Liman ya gyaɗa kai, zaure ya ɗauki Allahu akbar, ana yaba tawakkalin Baba. Matar autanmu ta kira ni a hankali ta ce, "Yaya, ki roƙe shi." Na buɗe baki na ce, "Baba, tunda ita ma ta kwanta ciwo, ai da an bari..." Kawu ya daka mini tsawa, wai yaushe aka fara jin ta bakin mata a kan gawa. Na tashi cike da haushi. Amma ni kaina, da na tuno cikin ƙanena da na goya, na ce za a sa masa wuƙa, sai na ji ni ma ba na so.

Mutanen otal ɗin da suka sauka suka yi abin da ya ba kowa mamaki. Su suka nemo limami, su suka kawo likkafani da mota, su suka nemi wuri a maƙabarta, duk wata takarda da ke ɗaukar kwanaki suka gama ta a wuni guda. Kafin rana ta faɗi an rufe shi. Baba ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a mai tsawo, ya ce ashe a ko'ina akwai mutanen kirki. Aka turo mana hoton kabarin, farin yashi ne da dutse guda a wajen kai.

Matarsa ta dawo ita kaɗai da jakarsa, ta rame, idanunta sun faɗa. Gidanmu ta sauka don yin takaba. Tun ba a tashi daga zaman makoki ba na fara jin ƙus-ƙus a bayan ɗaki.

"Ɗaki ɗaya, abinci ɗaya, ɗaya ya tafi ɗaya ya dawo."

"Malamar asibiti ce fa. Wane magani ne ba ta sani ba?"

"Ai ita ta ja shi can, inda babu dangi babu mai gani."

Ni ba na iya haɗiye irin wannan. Wata maƙwabciyarmu ta faɗa a bakin famfo, na ajiye bokitina na ce ta maimaita. Ta ce ita dai abin da ta ji ta faɗa. Na ce, "Kin ji a ina? Kina ƙarƙashin gadon ne?" Na tuna mata cewa wadda take zargin nan ita ce ta karɓi haihuwar jikanta a Kano ranar da ba su da ko na allura. Sai da aka riƙe ni. Na dawo gida ina huci, ina ganin na kashe maganar. Ashe maganar tana cikin gidanmu.

Inna ba ta taɓa cewa komai ba. Ba ta zage ta ba, ba ta ɗaga mata murya ba. Sai dai na lura in yarinyar nan ta dama kunu ta kai mata, Inna za ta ce "sannu, Allah ya yi albarka," ta rufe da faifai, kunun ya wuni a nan har ya tsinke. Ran nan na shigo na tarar yarinyar ta zuba wa 'ya'yanta ɗanwake, sun zauna za su ci. Inna ta fito ta ɗauke kwanon daga gabansu, ta ce su zo ta ajiye musu tuwo a ɗaki. Uwarsu na tsaye da cokali a hannu. Ta juya ta shiga ɗaki ta saki labule.

Na bi Inna na ce, "Inna! 'Ya'yanta ne fa. Ita ta haife su!"

Ta ce, "Shi ma ai mijinta ne."

Inna ce fa, wadda da bakinta take cewa a duk surukanta babu kamar wannan.

Ana cikin kaka, an fara yankan gero, Kawu ya shigo da rediyonsa a kafaɗa, ko sallamar kirki bai yi ba. Ya ce mu saurara. Sashen Hausa na wata tashar waje ne ke ba da labarin ƙasar nan da suka je. Wai baƙi masu zuwa hutu suna ta mutuwa a ɗakunan otal-otal na bakin teku, lafiyarsu ƙalau, a wayi gari a tarar da su a kan gado. Wasu na cewa maganin kuɗin cizo ne da ake fesawa a ɗakuna, wasu na cewa iskar na'urar sanyaya ɗaki ce, wasu na cewa abin sha ne. Hukumomin can kuwa kowa suka ɗauko sai su ce zuciya. Dangin waɗansu sun ƙi yarda, sun sa an buɗe nasu, ana jiran sakamako.

Baba ya shigo daga zaure yana tsaye, carbi a hannu, bai ja ko ɗaya ba. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Wato shi ya sa mutanen otal ɗin suka yi ta sauri."

Ya girgiza kai, ya ci gaba.

"Ni kuma na zauna ina sa musu albarka."

Sai ya yi abin da ban taɓa ganin suruki ya yi ba a garinmu. Ya taka har ƙofar ɗakin da surukarsa take takaba, ya tsaya a bayan labule, ya cire hularsa. Ya ce, "'Yata, kin roƙe ni na ƙi. Shaidarki ce na sa aka binne. Ki yafe mini." Muna jin kukanta daga ciki, tana cewa, "Baba, don Allah ka daina, ba ka yi mini komai ba." Ranar Juma'a kuma ya tashi bayan salla ya faɗa wa jama'a abin da aka ji, ya ce duk wanda ya ƙara taɓa sunan surukarsa, shi da shi ne.

Na ɗauka an gama. Na je wurin Inna da murnata na ce, "To kin ji dai da kunnenki."

Tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na ji. Na ji an ce har da wani miji da mata, su biyun aka tarar."

"To?"

"Ita me ya sa ta tashi?"

Laifinta ke nan, ta tashi. A gari ma aka ce ai waɗancan Turawa ne masu shan giya, shi kuwa autanmu ko goro ba ya ci, to me zai haɗa su? Muka yi ta kasa kunne ko rediyo zai kawo ƙarshen labarin. Bai kawo ba. Aka shiga wasu labaran, na tsadar mai da na 'yan bindiga, ba a sake waiwayar wancan ba.

Ranar da ta fita takaba 'yan'uwanta suka zo da mota daga Shanono. Baba ya ce yara su bi uwarsu, ba ya son jin wata magana, Inna ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Ni na taya ta haɗa kaya. Muna ninke zannuwa, sai tausayinta ya kama ni. Na ce, "Ki bar su da Allah. Ko duk duniya za ta faɗa, ni dai na san ba ke ba ce."

Ta tsaya da ninkin. Ta ce, "Ta yaya kika sani, Yaya?"

Na ce, "Wace irin magana ce wannan?"

Ta zauna a bakin gado. Ta ce ranar da suka dawo daga bakin ruwa da yamma, sun tarar an gyara ɗakin, yana wani irin wari kamar na maganin feshin wake. Shi ya buɗe ƙofar gilashin da ke kallon teku, ya ce a bar ta haka iska ta shiga. Ita kuma ta ce sauro zai cinye su. Ya ce ta bari mana. Ta tashi ta rufe, ta ja labule, har tana yi masa tsiya wai ɗan ƙauye bai saba da ɗaki mai sanyi ba. Ya yi dariya ya ƙyale ta.

"Ban gaya wa kowa ba. Shi ya sa na so a buɗe shi, Yaya. Ba don bakin mutane ba. Da an duba an ce mini zuciyarsa ce da gaske, da na samu na yi barci."

Na ce, "Wataƙila ba warin ba ne. Kin ji ai an ce ba a sani ba."

Ta ce, "Ba a sani ba."

Aka yi hon a waje. Ta ɗauki jakarsa da kanta, ta ƙi bari in riƙe mata, ta je ƙofar ɗakin Inna ta durƙusa ta yi sallama. Ta daɗe a durƙushe kafin ta tashi.