Rakiyar Gwaggo

Likitoci suna kiran ciwona MS, wai yana cin rufin jijiyoyi kamar yadda ɓera ke cin robar wayar lantarki. Ni dai abin da na sani shi ne gajiya. Da ita nake farkawa tun ban ɗaga ko tsinke ba. Ƙarfina na yini bai cika kofi ba, idan na zubar da shi a wanka babu na girki. Abin haushi kuma fuskata ba ta taya ni jinya, duk wanda ya zo dubiya sai ya ce, "Ai kin ma yi ƙiba."

Ranar saukar Alƙur'anin 'yata na yi tanadi kamar mai shirin Hajji. Islamiyyar tasu tana ƙarshen layinmu a Unguwar Dosa, walimar kuwa sai bayan la'asar. Tun jajiberi nake kwance, wanka a zaune, magana ma ta waya na yafe. Yarinyar abu ɗaya ta roƙe ni, idan an kira mahaifiyarta ta ga na miƙe. Na ce mata ko da rarrafe zan zo.

Da hantsi sai ga Gwaggo, yayar mahaifina, daga Rigasa, da jarkar kunu da ƙullin sassaƙe. Dubiya ta zo, ba ta ma san da walima ba. Muka gaisa, ta tambayi kowa har da kajin da suka mutu bara. Da ta tashi tafiya na jawo mayafi. A gidanmu ba a barin babba ya fita shi kaɗai kamar wanda aka kora, kuma Gwaggo tana iya kai maganar har Zariya.

A bakin ƙofa ta ce, "Koma haka nan, 'yar nan, ba ki da lafiya."

Kowa ya san wannan maganar ba a amsa ta da komawa. Na ce, "Haba Gwaggo, bari dai in taka miki."

Muka taka. Rana ta buɗe, zafi kuwa shi ne babban abokin gabar ciwona. Kafin mu kai titi inda ake samun keke napep, ƙafafuna suka ajiye aiki ba sallama. Na zube a bencin mai faci, ina kallonsu kamar na aro.

Gwaggo ta tafa hannu. "Innalillahi! In bar ki a titi in ce wa ubanki me? Tashi in mai da ke."

Ta riƙo ni muka lallaɓa har ɗaki. Ta sha ruwa, ta huta, ta ce to ita za ta wuce. A nan ne hankalina ya tafi kiwo. Na ga dai baƙuwa ce za ta fita, babba ce, ga mayafi a kafaɗata. Na miƙe. Ta rantse ba zan raka ta ba, na rantse sai na raka ta, kuma dukanmu mun san wadda ta fara sakin rantsuwarta ita ce marar tarbiyya.

Mai faci yana hango mu ya karkaɗe bencin ya gyara masa zama a inuwa. "Sannunku da dawowa, Hajiya," in ji shi. Keke ya tsaya, Gwaggo ta sa ƙafa ɗaya, ta waiwayo ta gan ni na jingina da tulin tayoyi, ta sauke ƙafar. Wannan karon a keken aka mai da ni, tafiyar da ba ta kai a kunna inji ba. Mai keken ya tambaya ko zai jira zagaye na gaba.

La'asar ta same ni a gado. Na ba hannuna umarni ya ɗauko leshin da na goge tun shekaranjiya, ya yi kamar ba da shi nake ba. Gwaggo, wadda har lokacin ba ta ga hanyar Rigasa ba, ta yafa gyalenta ta tafi a madadina.

Lasifikar makarantar tana shigowa har ɗakina. Na ji muryar 'yata tana karatu, tana ɗan rawa da farko, sannan ta miƙe tsaf. Sai malam ya ce mahaifiyar ɗaliba ta fito. Ya sake faɗa. Na yi kuka irin na haushin kai, wanda babu wanda za ka ɗora wa.

Suka dawo tare gab da magariba. Yarinyar ta ajiye allonta mai zayyana a gefen gadona. Gwaggo ta ce yanzu kam da gaske za ta tafi. Wallahi sai na ga hannuna, wanda ya ƙi leshi, yana laluben mayafi.

'Yata ta sunkuya ta kwashe takalmana. "Umma, ki kwanta," ta ce. "Kin gama rakiyarki ta yau. Ni ce dai ban samu ba."

Ta sa takalman a ƙafarta, sun yi mata yawa, ta fita raka Gwaggo. Ina jin ƙarar takalman suna bugun ƙasa har suka bar layin.