Daminar da Inna Ta Ƙi Ɗaukar Jikanta

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, amma daminar da na haifi ɗana na fari tana nan daram a raina, kuma na san har in koma ga Allah ba za ta fita ba. Ba wahalar haihuwa nake nufi ba, wannan kowace uwa ta san ta. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda uwar mijina ta zauna a gidana tana yi mini kowace irin hidima, amma ta ƙi ko taɓa jaririn da yatsa.

A Dutsin-Ma muke lokacin, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya. Maigidana hatsi yake saye a kasuwannin ƙauye, yau yana Kuki gobe yana wani wuri, don haka ba mazauni ba ne. A al'ada haihuwar fari gida ake tafiya wanka, to ni mahaifiyata ta rasu tun ina 'yar makaranta, ba ni da wurin zuwa. Shi ya sa Inna, uwar mijina, ta ɗaure kayanta daga Barkiya ta ƙasar Kurfi ta taho. Mace ce mai jiki, ga fara'a ga tsokana. Tun cikin yana ƙarami take cewa in dai namiji ne ta yi sabon miji, tsohon nata ya tattara ya ba su wuri. Allah kuwa ya kawo namijin.

Hidima kam ban ga abin da Inna ta rage ba. Ita ke hura wuta ta tafasa ruwan wanka, ta yanko ganyen darbejiya, ta dama mini kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye. Amma wankan jariri sai ta roƙi wata dattijuwa da muke haya tare, wai hannunta ya kwana biyu bai riƙe jinjiri ba, kar ta kayar da shi. Matar da rabin yaran ƙauyensu ita ta yi musu wankan farko! In yaron ya yi kuka sai ta tsaya a kansa, hannuwanta a baya, tana cewa, "Yi shiru mai gidana, yi shiru," sannan ta ƙwala mini kira. Ni kuma ɗana na fari ne, ana so in riƙa kawar da kai kamar ban san da shi ba. Haka yaro zai yi ta tsala ihu tsakanin mata biyu, ni kunya ta riƙe ni, ita kuma ban san abin da ya riƙe ta ba. Daga baya dai na ajiye kunyar gefe na rungumi abina.

Sannan na lura komai nata a ware yake. Kwanonta daban, sabulunta daban, tabarmarta ba ta yarda kowa ya zauna. In ta wanke zannuwanta ba ta shanya su a igiyar tsakar gida, sai ta ɗaura wata igiya a bayan ƙofar ɗaki, ga shi kuwa tsakiyar damina, abin da ke waje ma da ƙyar yake bushewa. Ɗakin kullum warin danshi da man kaɗanya. Ni da nake da saurin fassara abu, nan take na yanke cewa ƙyamata take yi.

Ranar suna abin ya fito fili. Mata sun cika gida, ana ta miƙa jariri daga hannu zuwa hannu, kowa na sa albarka. Da ya zo kanta sai ta miƙe zumbur ta ce bari ta duba tuwo. Babu wadda ba ta gani ba. Bayan an watse, ina kwance a ɗaki na jiyo wasu matan gidan suna wanke-wanke a gindin taga. Ɗaya ta ce, "Kaka ta ƙi karɓar jika? Ai da magana." Ɗayar ta rage murya ta ce, "Halan akwai abin da ta sani a kan yaron." Na gane sarai abin da suke nufi, kuma wallahi ban taɓa jin maraicina kamar ranar ba. Da na ɗan taɓa wa maigidana zancen, ban ma iya faɗin na matan ba, sai ya ce, "Ke dai kin cika sa abu a rai, Inna ce fa." Ya ɗauki buhunansa ya tafi kasuwa.

Wata safiya an kwana ana ruwa, muna makewayi tana yi mini wanka, tana tsoma ganye a ruwan zafi tana fyaɗa mini, tururi ya cika wurin. Ta sunkuya za ta jawo bokiti sai ɗaurin zanenta ya kwance, na ji ta yi wani nishi mai ciwo. Kafin ta ja zanen na riga na gani. Ƙarƙashin mamanta duka biyu ya yi jajir, ya jiƙe, fatar ta saɓule, gefe-gefe ga ƙananan ƙuraje. Haka ma ƙugunta, daidai inda ɗaurin zane ke zama. Ta lafta man kaɗanya da toka, ta cusa tsummoki ta danne. Ni na sunkuyar da kai, ita ta juya baya, don tsakanin mace da uwar mijinta wannan ba abin gani ba ne.

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Inna, tun yaushe?" ba.

Ta zauna a kan 'yar kujerar tsugunno ta ce, "Tun hwarkon damina, 'yar nan. Har hammata, har matsematsi." Ta goge ido da gefen zane. "Muna yara akwai wata mata garinmu, da tabo a jiki ta hwara. Aka yi mata bukka bayan gari, aka ware mata ƙwarya. Ɗiyanta ma daga nesa take hangen su. Ni na san abin da ke jikina. In zo in shafa ma yaron ga? Gara a ce ba ni son shi."

Ashe kuturta take zaton ta kamu da ita, shi ya sa take ta kare mu da kanta. Na ce mu je asibiti, ta ce sam, in suka ambaci sunan cutar a gaban mutane ta gama yawo. Na yi lallashi har ruwan wankan ya huce, ta kafe. Da na ga babu sarki sai Allah, na cije na gaya mata abin da na ji a gindin taga, kalma da kalma. Inna ta dafe ƙirji ta yi salati. Ita duk zatonta kanta kawai ake zagi, ba ta san ni da yaron abin yake ci ba. Ta miƙe ta ce, "Gama shirinki, ki ɗauko mani mayahina."

Dama lokacin kai yaro rigakafi ya yi, sai muka fake da shi. Ma'aikaciyar lafiyar da muka samu mace ce mai sanyin hali. Ta ja labule ta duba Inna, ta tambaye ta ko wurin yana ƙaiƙayi. Inna ta ce, "Kamar in yage hwatar in huta." Matar ta yi murmushi ta ce, "To ki gode wa Allah, Mama. Tabon kuturta mutuwa yake yi, ko an taɓa ba a ji. Wannan ɗan'uwan makero ne, yana son lungun jiki inda zufa ke taruwa iska ba ta shiga." Da ta ji labarin man kaɗanya da tsummoki da zannuwan da ake ɗaurawa da danshinsu, sai ta riƙe baki ta ce ai Inna da kanta take kiwon abin, ga aikin gaban wuta kullum. Ta ce a wanke wurin a hankali, a tsane shi ya bushe sosai, a shafa maganin da ta rubuta safe da yamma, a ci gaba ko an ga ya warke. Tufafi kuwa na auduga, a shanya su a rana. Ta hana mu sayen man haɗe-haɗen nan na kemis da ke kwantar da ƙaiƙayi yau ya dawo da ƙarfinsa gobe. Ta kuma sa aka gwada sukarin Inna, don ta ce masu ciwon sukari abin ya fi addaba, aka samu lafiya lau.

Duk wannan bayani ni ce na riƙe shi, Inna tambaya ɗaya ce a bakinta. "To yaron hwa?"

"Ki wanke hannu, ki sa busasshen zane mai tsabta, kar ku haɗa tawul. Ki ɗauki abinki, Mama."

Akwai famfo a bakin ɗakin. Inna ta tsaya tana wanke hannu har na fara jin kunyar masu jira. Sannan ta zo ta zauna a benci kusa da ni, ta miƙo hannuwa biyu. Na ɗora mata shi. Ta ƙura masa ido, hawaye na ɗiga a kan zanen goyonsa, ta ce, "Ashe haka kake da nauyi, mai gidana? Ka yahe mani." Ni ma ban tsaya tuna wata kunyar ɗan fari ba, na sha kukana a gaban jama'a.

Daga ranar ni ke shafa mata magani a inda idonta ba ya kaiwa. Farko-farko kowa na kallon bango, daga baya har hira muke ina yi mata fifita da mafici wurin ya sha iska. Zannuwanta suka koma igiyar tsakar gida, in rana ta leƙo ita ce ta farkon fita da shanya. Da ƙaiƙayin ya lafa ta so ta ajiye maganin, na ce ba da ni ba, ta ce ta ga alamar ta haɗu da suruka mai mulki. Kafin in gama arba'in fatar ta koma daidai. Ranar da ƙugun ya warke ta saɓa yaron a baya, ta bi ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya tana gaisuwa. A ƙofar masu wanke-wanken nan ta fi daɗewa, ta kwanto shi tana cewa, "Ku duba mani hancin ga, na gidanmu ne sak, har na kakansa bai kai shi ba." Ban sake jin wata magana a gindin taga ba.

Yaron yanzu ya fi ni tsawo, kuma duk hutu Barkiya yake tafiya wurin matarsa, don har yau haka suke kiran juna. Ni kuwa abin da na tsinta shi ne, ciwon da ake rufewa saboda kunya a cikin rufin yake ƙara ƙarfi, kuma ba mai shi kaɗai yake ci ba. Tun daga lokacin, in na ga wanda na san yana ƙaunata ya ja baya, ba na zama ina fassara shi a raina. Zuwa nake in zauna kusa da shi in tambaye shi abin da ke damunsa, don na taɓa ganin matar da ta yarda a ce ba ta son jikanta saboda tsabar son da take yi masa.