Simintin da Bai Hau Zaure Ba

Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara, Baba ya baro Sakkwato da takardar canjin wurin aiki zuwa Gusau, kuma har tafiyarsa sai da ta canja. Akawu ne kawai a ma'aikatar gona, amma a unguwarmu ta Zurmi ba a tsaya tambayar matsayi ba. An ce ɗan Inna Ige yana cikin masu riƙe sabuwar jiha, shi ke nan. Ni a lokacin ban wuce shekara tara ba, kuma na fi shi ɗaga kai.

Da aka kai amfanin gona gida, sanyi ya shigo, sai ga a-kori-kura daga Kaura ta tsaya a ƙofar gidanmu da buhun siminti goma sha biyu. Baba ya ce fuskar zaure za a shafe, a yi mata fenti, domin abokan aiki za su riƙa zuwa, bai kamata su tarar da zauren laka ba. Maƙwabta biyu sun riga sun yi nasu, abin kuwa ya tsaya masa a rai.

Can ƙuryar gidan akwai soron kakata, Inna Ige, a daidai inda ƙasa ta fi gangara. Duk ruwan tsakar gida nan yake taruwa, ya fita ta rariya, wata 'yar kafa a gindin katanga. To, lungun da ke baya ya yi tudu, rariyar ta toshe. Indararon soron ma ya fashe, ruwa yana bin bango maimakon ya zuba nesa. Gindin bangon ya zaizaye har hannuna yana shiga. A daminar da ta wuce, ni ce mai jera kwanoni a ɗakin idan hadari ya taso. Ɗanjumma magini ya zagaya gidan ya gaya wa Baba gaskiya, ya ce simintin nan ba zai ishi wuri biyu ba. Baba ya ce a yi zaure tukuna, baya ya jira baɗi.

Duk a kunnen Inna Ige aka yi. Baba ɗan farinta ne. Ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "mutumin nan", ba ta haɗa ido da shi, balle ta buɗe baki ta roƙi abu don kanta. Ko soron zai rufta mata, ba za ta aika a kira shi ba. Ni dai haushi ya cika ni, na ce bari in je in faɗa masa. Ta riƙo zanena.

"Zamna nan, ƙawata. Wa ya aike ki?"

Kullum bayan tuwon dare takan hura wutar karan dawa a ƙofar soronta, mu jikoki mu kewaye ta, tana ɓarar gyaɗa tana ba mu tatsuniya. Baba a zaure yake cin abinci, bai taɓa jin ko ɗaya ba. Amma ran nan buhunan siminti sun cinye zauren, dole ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa da rediyonsa, taku kaɗan daga inda muke. Na ga Inna Ige ta ɗan gyara zama ta ba shi baya, ta kuma ɗaga murya fiye da kullum.

"To, ga ta nan ta taso daga bayan rumbu."

Muka ce, "Ta iso mu gan ta!"

Ta ce a zamanin da, Damina mace ce, tana yawo gari gari da rakiyar masu ganga. Wata shekara ta aika wa wasu 'yan'uwa biyu cewa za ta sauka a gidajensu. Babban ya yi murna, ya ce baƙuwa irin wannan sai an fita kunyarta. Ya shafe zaurensa sumul, ya zana masa ado, ya bi duk wata kafa da ke gindin katanga ya liƙe, don kada baƙuwa ta ga rami ta raina shi. Ƙaramin kuwa ya ɗauki fartanya ya nufi bayan gida, yana haƙa yana yashe rariya, jikinsa duk taɓo. Mutane suka yi ta yi masa dariya.

Ranar zuwa, babban ya sa babbar riga ya tsaya a ƙofar zaure. Inna Ige ta dakata a nan, ta jefa gyaɗa a baki, ta bar mu muna jira.

"Ku kun taɓa ganin Damina ta yi sallama ga zaure? Ta bisa taka shigowa. Shina can tsaye shina gyaran hula, ita ko ta daɗe da zamnawa tsakar gida."

Damina ta kwana, ta huta, da safe ta ce za ta wuce, a nuna mata hanya. Maigida ya nuna mata zaure. Ta ce ita ba ta hawa tudu, ta ƙasa take fita. Aka duba, babu kafa ko ɗaya. Sai ta jingina da bangon baya tana jira, kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku. Da ta gaji ta miƙe ta tafi, bangon ya bi ta, har da ɗakin da ke jikinsa. Zauren kam yana nan tsaye da adonsa, sai dai babu gida a bayansa. A gidan ƙaramin kuwa, ta shigo, ta wanke masa tsakar gida, ta ga hanya a buɗe, ta bi ta wuce gonarsa ta zauna can.

Ƙanena Sani ya tambaya, "Inna, wa ag cikin ɗakin da yah hwaɗi?"

Ta ce, "Tatsuniyar ba ta hwaɗi ba. Wata tsohuwa ta, wadda ba ta da yawan magana. Ƙurunƙus, na ɗaure ta ga ƙahwar gado, kowa shi tashi."

Sai a lokacin na lura rediyon Baba ya daɗe da yin shiru. Ya naɗe tabarmarsa ya shige ɗaki, ko sai da safe bai ce mana ba.

Kwana biyu Baba yana cin magani. Ɗanjumma ya zo da ma'aikatansa, Baba ya ce su je su dawo. A rana ta uku, bayan sallar asuba, na gan shi a bayan soron ya tsuguna, ya zura hannu a gindin bangon har gwiwar hannu. Ya daɗe a haka. Da Ɗanjumma ya iso, Baba ya ce masa, "Ku kwashe simintin ga ku kai baya."

"Dut, Malam? Zauren hwa?"

"Zaure ya saba da laka. A yi mai yaɓe."

Aka haƙa hanyar ruwa tun daga tsakar gida har ta ratsa lungu, aka jera duwatsu aka ɗaure su da siminti. Aka faɗaɗa rariya, aka yi dakali a gindin bangon soron, aka sauke azara biyu da suka ruɓe aka sa sababbi, aka kafa dogon indararo. Aikin duk ya tafi inda baƙo ba ya gani. Inna Ige ba ta yi godiya ba, ba ta ma nuna ta san ana yi ba. Fura kawai ta dama mai yawan nono, ta ba ni ta ce, "Kai ma mutumin nan."

Tsiya kam Baba ya sha ta. Abokin wasansa, wani Bakatsine mai shago a bakin kasuwa, ba ya ganinsa bai ce, "Ga ma'aikacin gwamnati mai zauren kakanni!" ba. Abokan aikin da ake ta shiri dominsu suka zo sau ɗaya, suka zauna a kan tabarma, ɗaya yana kakkaɓe rigarsa. Na ga fuskar Baba ranar, na san abin ya yi masa ciwo. Bayan 'yan shekaru, da aka ƙaddamar da Shari'a, baƙi suka yawaita a gari, kusan kowa a layinmu ya gyara fuskar gidansa. Baba kuwa duk abin da ya samu sai ya bi rufin ɗakuna da rumbu, zaure yana ta jiran baɗi.

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar nan na gini ne, kuma ya yi mini amfani a haka. Da ni da maigidana muka tashi gyaran gidanmu a Kaura, magini yana lissafa mana tayil da fenti, na katse shi na ce ya fara nuna mini ta inda ruwa zai fita. Amma da na girma na gane ba wannan ne ya fi zauna mini a rai ba. Abin da nake alfahari da shi mutanen biyu ne. Tsohuwa ta gyara ɗanta ba tare da ta kunyata shi a gaban 'ya'yansa ba. Shi kuma, magidanci mai furfura a gemu, ya ji magana a cikin tatsuniyar yara, ya haɗiye girman kansa, ya yarda a yi masa dariya a gari. Ban san maza da yawa da za su iya haka ba, kuma ni 'yar ɗaya daga cikinsu ce.

Inna Ige ta rasu a tsakiyar damina, a cikin soronta, bayan kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. A makon ɗakuna sun faɗi a unguwa. Nata ko ɗigo bai yi ba, a kan busasshiyar shimfiɗa ta cika, Baba yana riƙe da hannunta.

Masu ta'aziyya suka cika zauren laka. Da yamma na kai ruwa bakin ƙofa, na ji Bakatsinen nan, wannan karon murya ƙasa ƙasa, yana cewa in an share makoki zai kawo siminti daga shagonsa a shafe zauren, kyauta, don Inna. Baba ya girgiza kai.

"Bar shi haka nan. Da na shahe shi waccan shekara, yau da ban iya zama cikinai in amshi gaisuwar uwata ba."